Gani Ya Kori Ji? Ba a Wayar Hannu Ba

Iyayenmu sun ce gani ya kori ji, kuma a zamaninsu maganar ba ta da gyara, domin abin da idon mutum ya gani a gona ko a kasuwa shi ne abin da ya faru. Amma yau ga wani irin gani ya shigo mana, wato bidiyon da ke yawo a wayar hannu, wanda sau da yawa bai fi jita-jita ba, sai dai an sa mata riga da hula.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, labari daga Kazaure zuwa Karkarna ko Gwiwa sai a bakin direban mota, ko kuwa a rediyo. Wayar salula ta zo a 2001, daga baya Facebook da YouTube da WhatsApp da TikTok suka biyo sawu. Yanzu yaro yana zaune a shagon cajin waya a Yankwashi yana kallon abin da aka ɗauka a Legas ko Indiya. Babu mai musun amfanin wannan. Manomi a Roni na iya jin farashin riɗi kafin ya yi lodi, ɗan cirani yana ganin fuskar 'ya'yansa, mawaƙan ekklesiya kuma suna koyon sababbin waƙoƙi. Damuwata ɗaya ce: saurin da muke yi wajen tura abin da ba mu san asalinsa ba.

Ku tuna da watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola. Cikin dare ɗaya saƙo ya zaga ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Masu tura saƙon ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa kowa ya tashi ɗan'uwansa daga barci. Duk da haka aƙalla mutum biyu sun mutu, an kuma kwantar da wasu a asibiti.

Wanda ya fi wannan muni ya faru a Jihar Filato a watan Yuni na 2018. An yi kashe-kashe na gaske a yankin Gashish da ke Barikin Ladi, babu mai musu. Amma cikin hotunan da suka cika Facebook a lokacin akwai waɗanda ba na wurin ba ne. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya nuna cewa wani bidiyo mai tayar da hankali da aka yi ta yaɗawa, a Kongo Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. A cewar rahoton, mutum 11 aka fitar daga motocinsu aka kashe a hanyoyin Jos, 'yan sanda kuma sun ce hotunan sun ƙara wa wutar fetur. Waɗanda suka tura sun rantse sun gani da idonsu. Sun gani kam, amma ba su san wuri ba, ba su san rana ba.

Ya kamata kuma mu gane yadda waɗannan kamfanoni suke samun kuɗi. Talla suke sayarwa, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon ribarsu. Saboda haka na'urarsu tana lura da abin da ya tsayar da kai, ta ƙaro maka irinsa. Abin da ya fi tsayar da ɗan Adam kuwa shi ne fushi da tsoro da abin kunya. Mai yin bidiyon ma yakan sami rabonsa idan masu kallo sun yi yawa, shi ya sa wani zai zagi dattijo, ko ya ƙago faɗa tsakanin addinai, domin kawai a kalle shi. Bugu da ƙari, yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Na san wani zai ce, mu da ba mu da yawa a wannan yanki, in ba mu yaɗa abin da ake yi mana ba, wa zai ji kukanmu? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa cewa nake yi a rufe baki a kan zalunci ba. Kisan da aka yi wa Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ran 12 ga Mayu 2022, bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai, ta'asa ce wadda ba ta da hujja, Majalisar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da ita. Haka kuma Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Warji ta Jihar Bauchi, ta yi wata 18 a tsare saboda wani bidiyo da ta tura a kan wannan kisa, kafin kotu ta wanke ta a watan Disamba na 2024. Waɗannan abubuwa sun nuna cewa zauren waya ba ɗakin kwana ba ne, tsakiyar kasuwa ce. Mai gaskiya ma yana shan wuya a can, balle wanda ya ɗauko ƙarya. Kuma duk ranar da aka kama mu da hoton bogi guda ɗaya, mun ba da dalilin da za a ƙaryata kukanmu na gaskiya guda goma.

Hukuma ma ba ta barci. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, gara matasanmu su san inda suke taka ƙafa.

To, mene ne abin yi? Kafin ka tura kowane bidiyo, ka yi wa kanka tambaya uku: wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe? In ba ka da amsa, ka bar shi ya mutu a wayarka. Ka lura da alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa, domin tana nuna cewa wanda ya aiko maka ba shi ne ganau ba. In aka ce abu ya faru a Babura, ai Babura ba bangon duniya ba ne, ka buga wa wanda ke can ka ji. In kuwa saƙo ya ce ka tura wa mutum goma nan take, wannan gaggawar kaɗai ta isa ta sa ka yi shakka. Shugabannin zumuntar mata da na matasa da ke riƙe da zaurukan waya, su sani riƙon amana ce, su cire abin da ba a tabbatar ba ko da babba ne ya turo.

Mu da maƙwabtanmu Musulmi rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, kuma wanda ya haɗa bidiyon fitina daga nesa ba zai zo ya taya mu kashe gobara ba. Umarnin da ya hana shaidar zur bai ware yatsa ya bar wa baki laifi ba. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi ta baki nisan zango.