Ɗalibi A Ƙasar Mutane Amana Ne

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, gidaje da dama a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan shiga ɗaurin kayan tafiya. Wasu yaran suna samun bursi ta hannun hukumar ANAB, wasu kuwa sai iyaye sun sayar da gona ko dabbobi kafin su nufi Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Turkiyya, Rasha, Faransa, ko Kano da Zariya. Ana yi musu nasiha a kan salla, a kan sanyi, a kan abokan banza. Amma akwai maganar da kowa ke kauce mata. A cikin waɗannan matafiya akwai saurayi ko budurwar da zuciyarsu ta karkata ga jinsinsu, waɗanda duniya ke kira LGBT. Akwai kuma wanda ba haka yake ba, sai dai muryarsa ko tafiyarsa ta sa ana nuna shi da baki. Dukansu biyu haɗari ɗaya ke gabansu, kuma sau da yawa daga ƴan gida yake fitowa, ba daga mutanen ƙasar da suka sauka ba.

Abin da ya kamata malamai da shugabannin ƙungiyoyi su ji, ko da ba zai yi musu daɗi ba, shi ne wannan: ɗalibin da aka danƙa musu amana ne, kuma jita-jita ba ta warware amana. Mutum yana iya ƙin halin ɗalibi har cikin ransa, amma ba shi da hurumin tona masa asiri, ko korarsa daga ɗaki cikin dare, ko zuba ido ana dukansa.

Da farko dai a dubi yadda ƙasa ta yi zafi. A Najeriya, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, ban da dokokin shari'a na jihohin arewa. A Maroko da Tunisiya hukuncin yana iya kai wa shekara 3 a gidan kaso. Mali ta shigar da abin cikin dokar laifuka a 2024, Burkina Faso kuma ta mayar da shi laifi a Satumban 2025. A Rasha, kotun ƙoli ta sa abin da ta kira ƙungiyar LGBT ta duniya cikin jerin masu tsattsauran ra'ayi a Nuwamban 2023. A Nijar kanta, Mohamed Bazoum ya bayyana niyyar hukunta wannan hali a Janairun 2023, sannan kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya haramta shi. Ke nan ƙasashe da yawa da yaran Nijar ke zuwa karatu, har da wadda za su komo, wurare ne da kalma guda za ta iya kai yaro komisariya. Wanda ya furta kalmar a kan ɗalibi ya san nauyinta, kada ya ce wasa yake yi.

Hatta wanda ya tafi Faransa, inda doka ta halatta auren jinsi ɗaya tun 2013, bai tsira ba. Dokar ƙasar ba za ta taɓa shi ba, amma waya tana kai labari gida cikin minti guda. Ɗalibi a waje yana rataye ne a wuyan ƙungiyar ƴan ƙasarsu: su ke tarbarsa a filin jirgi, su sama masa ɗaki, su ranta masa kuɗi idan bursi ya makara, su raka shi ambasada idan takardunsa sun ƙare. Ranar da wani ya jefa hotonsa ko saƙonsa a WhatsApp na ƙungiya, duk waɗannan ƙofofi sukan rufe a lokaci ɗaya. Uba ya ji, ya yanke kuɗi. Kuɗin makaranta ya gagara. Takardar zama ta mutu. Yaron da aka tura neman digiri sai ya koma marar takarda a ƙasar mutane, ba ya iya zama, ba ya iya komowa. Shin wannan ne gyaran tarbiyya?

Bugu da ƙari, inda tsoro ya yi yawa, nan ɓarayi ke cin kasuwa. Akwai masu ɗana tarko a intanet: su ja yaro da hira, su kira shi wani gida, su doke shi, su ɗauki hotonsa, sa'an nan su riƙa tatsar kuɗinsa wata da watanni. A Najeriya abin ya yi yawa har ya sami suna, kito. A Maroko, a Afrilun 2020, an yi ta yaɗa hotunan samari da aka ciro daga manhajojin neman abokai, wasu aka kore su daga gidajen iyayensu ana tsakiyar kullen korona. A Fabrairun 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda jami'an tsaro a Masar, Iraƙi, Jodan, Labanan da Tunisiya ke amfani da wayoyin mutane wajen kama su. Mai tatsar kuɗi ba ya da jarin da ya wuce sanin cewa yaron ba shi da wurin kai kuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shirun manya shi ne tsagar.

Masu adawa da wannan magana sukan kawo hujja uku. Ta farko addini. To, addinin da suke kafa hujja da shi, shi ne ya hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurati, ya tsananta hukuncin ƙazafi, ya kuma kwaɗaitar da rufa wa mutum asiri. Babu malamin kirki da ya taɓa ba taron samari izinin zama alƙali, shaida da mai bulala gaba ɗaya. Bahaushe ma ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wanda ya tona asirin ɗan'uwansa don ya nuna tsarkinsa, ya fara duba inda shi kansa ya taka.

Hujja ta biyu ita ce wai Turawa ne suka kawo abin, kuma karatun waje ke lalata yara. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƴan daudu: a tasha suna sayar da abinci, a gidajen biki suna hidima, a fagen bori suna cikin taro, tun kafin a san bursi. Ba kowane ɗan daudu ne mai neman maza ba, kuma ba a ce jama'a sun yaba musu ba, amma an zauna da su, an ci tuwonsu. Rudolf Gaudio ya rubuta littafi guda a kan na Kano, wanda ya fito a 2009. Haka kuma masu jan yaro zuwa wurin boka ko asibitin mahaukata su sani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka tun 17 ga Mayu 1990.

Hujja ta uku doka ce. Gaskiya ne doka tana nan, kuma wajibi ne a sanar da ɗalibi ita dalla-dalla kafin ya tashi, domin bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Amma babu dokar da ta mayar da malami ɗan sanda, ko ta halatta duka da ƙwace. A 2014, a birnin Luwanda, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta zartar da ƙuduri mai lamba 275, wanda ya nemi ƙasashe su hana cin zarafin mutane saboda wannan hali, ko na gaske ne ko zarginsu aka yi. Ƴan Afirka ne suka rubuta shi.

Kada kuma a manta Yamai ma masaukin baƙi ce. Makarantar EAMAC ta harkar jiragen sama, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, da Jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986, duk suna karɓar ƴaƴan wasu ƙasashe. Baƙon da bai iya Zabarmanci ko Hausa ba, mai sa tufafin da ba a saba gani ba, shi ne mafi saurin shiga bakin unguwa. Uwar da ke Njamena ko Kwatano tana kwana da irin fargabar da uwar Damagaram ke yi wa ɗanta a Rabat. Wanda ke son a tsare masa ɗa a waje, ya tsare na wani a gida.

Abin da ake nema ba mai wuya ba ne. Kowace ƙungiyar ɗalibai ta rubuta cikin ƙa'idojinta cewa wanda ya yaɗa hoton wani, ko saƙonsa, ko zargi a kansa, shi ne mai laifi a gaban ƙungiya. Kada a kori ɗalibi daga ɗaki sai an sama masa wani makwanci. Malamin da yaro ya kawo wa kuka ya riƙe bakinsa, kada ya kira iyaye ba da yardar yaron ba, ya kuma haɗa shi da lauya ko likita mai riƙon sirri. A taron sallama kuwa a faɗa wa kowa, ba tare da ware wani ba, cewa kada ya aika hoton da zai ji kunyarsa, kada ya je gidan wanda ya sani a intanet kawai, ya sa wa wayarsa makulli, ya riƙe fasfo ɗinsa da ɗan kuɗin ko-ta-kwana a hannunsa, kada ya fara biyan mai yi masa barazana, domin wanda aka ba yau zai dawo gobe. Wannan nasiha za ta amfani budurwar da saurayi ke yi wa barazana da hotonta kamar yadda za ta amfani kowa.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, kuma duk shekara ƴan makarantar Nijar suna tunawa da su. Babu wanda ya taɓa tambayar halin kowannensu kafin ya yi masa addu'a. Ya isa cewa ɗalibai ne, ƴaƴan mutane ne. Ƙungiyoyin da suka gaji wannan rana su suka fi kowa sanin darajar ran ɗalibi. Ɗa na kowa ne. Iyaye sun ba da yaro a kai shi ya yi karatu. A mayar musu da shi da ransa, da lafiyarsa, da takardarsa.