BAƘON DA YA ZO TAIMAKO YA FARA DA KOYON HARSHE

Antigwa wani tsohon birni ne na ƙasar Gwatemala, a Amurka ta Tsakiya, kimanin kilometa 40 daga babban birnin ƙasar. Can ne fadar mulkin Turawan Ispaniya take har shekarar 1773, lokacin da girgizar ƙasa ta rushe shi. Yau garin ya shahara da lakwal-lakwal na koyon Ispaniyanci. Kowace shekara samari da ƴan mata na Amurka, Kanada da Turai suna sauka can, wasu sati biyu, wasu wata uku. Da yawa cikinsu Kiristoci ne, majami'unsu ne suka turo su, kuma niyya uku ta kawo su: su koyi harshe, su taimaki talakawa, su ƙarfafa bangaskiyarsu. Niyyar ba ta da aibi. Abin dubawa shi ne wadda za a sa gaba cikin ukun.

Ga yadda tsarin yake. Da safe ɗalibi yana zama da malami ɗaya, su biyu kaɗai, kamar awa huɗu. Da maraice ya tafi aikin sa kai a asibiti, ko wurin renon yara, ko wajen ginin gidaje. Kwana da ci kuwa a gidan wani iyali na garin yake yin su, yana biyan kuɗin ɗaki da na abinci kowane sati.

Yawancin baƙin suna ɗaukar aikin maraice shi ne babba, gidan masauki kuwa wurin kwana ne kawai. Nan suka yi kuskure. Malami yana koyar da nahawu, amma a bakin akushi ake koyon magana. Uwar gida da ke ajiye wainar masara da baƙin wake gaban baƙo, tana tambayarsa lafiyar iyayensa, tana gyara masa kalma sau goma ba ta gaji ba, ita ce babbar malamarsa. Wurinta zai ji yadda ake gaida tsoho, yadda ake ta'aziyya, da yadda ake ƙin abu ba a ɓata wa mutum rai ba. Ɗalibin da ya gama cin abinci ya ruga wajen ƴan ƙasarsu suna hira da Ingilishi ya biya kuɗin karatu ya bar karatun.

Rashin harshe kuma ba baƙon kaɗai yake cuta ba. Wanda bai iya tambayar majiyyaci inda ke masa ciwo ba, sai an ɗauke ma'aikaciya daga aikinta ta yi masa tafinta. Wanda bai taɓa riƙe cokalin magini ba ya zo ya tsaya a gurbin magini ɗan gari mai neman abin da zai ci da iyalinsa. Abin ya fi muni a gidajen marayu: yaro ya saba da baƙuwa, bayan sati biyu ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma yaro bai san haka ba. Shi ya sa hukumar UNICEF take gargaɗi a kan irin wannan ziyara ta ƴan kwanaki a gidajen marayu.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa baƙin ba. Ispaniyanci ba shi ne harshen uwa na kowa ba a Gwatemala. Ƙidayar 2018 ta nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'ar ƙasar ƴan kabilun Maya ne, masu harsuna 22. A ƙauyukan da ke kewaye da Antigwa ana jin Kakcikel. Tsohuwar da baƙo ya je taimako, wataƙila ita ma Ispaniyancin aro ne gare ta. Wannan kaɗai ya isa ya koya wa mutum tawali'u.

Sai zancen addini. Wasu matasan suna sauka kamar su ne suka kawo bishara. Alhali addinin Kirista ya shiga ƙasar tare da mamayar Ispaniyawa ta 1524, shekara ɗari biyar ke nan. A makon da ke gaban Ista mutanen Antigwa suna kwana suna shimfiɗa zane na garin katako mai launi da furanni a kan tituna, ɗaruruwan mutane suna ɗauke da siffofin Almasihu a kafaɗa. A 2022 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin al'adun gado na duniya. Ƴan Katolika da ƴan majami'un bishara duk suna da yawa a ƙasar. Baƙon da ya raina ibadar mai masaukinsa don ba irin tasa ba ce ya saɓa wa ladabi, ya kuma saɓa wa abin da shi kansa ya ce ya zo yi.

Garin kansa yana da misalin da ya isa. Pedro de Betancur makiyayi ne daga tsibirin Tenerife, an haife shi a 1626. Ya iso Antigwa a 1651 ba shi da ko anini, ga rashin lafiya, har sai da ya bi layin masu karɓar sadakar burodi. Ya shiga makarantar limaman Jezuwit don ya zama limami, karatun ya gagare shi. Bai koma gida ba. Ya buɗe gidan jinya na talakawa da makarantar yaran marasa hali, yana bin tituna da dare da ƴar ƙararrawa a hannu, har ya rasu a 1667. Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya sa shi cikin waliyyan Katolika ran 30 ga Yuli 2002. Asibitin da ke ɗauke da sunansa a Antigwa yana karɓar masu sa kai har yanzu. Wannan mutum sai da ya ci daga hannun mutanen garin kafin ya ba su, kuma shekara 16 ya yi tare da su.

Ba a ce matasa su daina zuwa ba. Kuɗin da suke biya yana riƙe da malamai da iyalai masu yawa, kuma wanda ya zauna gidan wasu ba ya komawa yadda ya zo. Amma majami'u da lakwal masu shirya tafiyar suna da hakki a wuyansu. Su sa karatu gaba, kada a ba kowa aiki sai ya iya sauraren wanda zai taimaka. Su bar ƴan gari su faɗi aikin da suke bukata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su hana ziyarar ƴan kwanaki a gidajen marayu. Su kuma tabbata cewa kuɗin masauki yana isa hannun uwar gida cikakke, ita da ke tashi tun da asuba ta dafa wa ɗan wani abinci.