Ɗa Na Kowa Ne, Amma Sai Ranar Duka

Babu karin maganar da muke murɗawa don son ranmu kamar "ɗa na kowa ne". Da an zauna a majalisa ana kukan lalacewar tarbiyya, ita za a fara jawowa: wai a da maƙwabci zai zane ɗanka a kan hanya, ka bi shi har gida da godiya, yau kuwa ka tsawata wa yaro, uwarsa ta fito tana tada jijiyar wuya, ko a kai ka caji ofis. An yi wancan zamanin, ba mu musa ba. Sai dai idan aka saurari hirar da kyau, bulalar kawai muke kewa.

Ga 'ya'yan wasu nan cike da gidajenmu, me muka yi musu? Almajirin da ke wanke mana kwanuka, ya ɗebo ruwa, ya kai shara bola, ladansa ragowar tuwon jiya ne, wani lokaci har ya fara tsami. Zai shekara biyu yana shiga gidan ba wanda ya tambayi garinsu, sunansa "kai almajiri". Ƙazuwa ta cinye masa hannu muna gani, abin da ya dame mu kawai kada ya taɓa jaririnmu. 'Yar aikin da aka kawo daga ƙauye, wadda ba ta fi shekara goma ba, ita ke rataya jakar sa'o'inta ta raka su makaranta, ta juyo gida ta kama wanki. A ƙarshen wata dillaliya ce ke karɓar kuɗin. Ranar da ta fasa faranti kuwa, nan take za mu tuna cewa ɗa na kowa ne, dole a gyara ta.

A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa sun yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, kowace jiha tana cewa ba nata ba ne. Mu da muke cika baki da karin maganar, mutum nawa ne a cikinmu suka buɗe zaure suka ce a bar musu ko yaro ɗaya?

Za a ce ai nauyin na iyayensu ne, su suka haifa suka watsar. Haka ne, kuma laifinsu ba ƙarami ba ne. To amma in mun yarda ɗa na mai shi ne wajen ci da sutura da magani, da wane hurumi muke ɗaga masa hannu? Maƙwabcin da muke ta yabo, wanda ya zane mu muna yara, a akushinsa muka ci tuwon dare, matarsa ta gasa mana ƙafa da muka taka ƙusa, kuma idan zai ɗinka wa 'ya'yansa kayan salla yakan ƙara yadi saboda marayan da ke gidan baya.