Sharhi: Ƙarfen da ke narkewa a tafin hannu da sana'ar 'yan gwangwan a Legas

Galiyam ƙarfe ne da ke narkewa a zafin da bai kai digiri 30 ba, wanda ranar Legas kan zarce. Masana na gauraya shi da indiyam su buga layukan lantarki kamar tawada a kan roba, ta miƙe ba su tsinke ba. Ƙasar Sin, mai samar da mafi yawansa, ta taƙaita fitar da shi tun Agustan 2023.

Sai dai kowace na'ura bola ce makomarta, wato hannun 'yan gwangwan na Agege da Ajegunle. Galiyam ba shi da dafin zaiba, amma yana ratsa alminiyam har ya farfashe, alhali alminiyam na cikin manyan hajojinsu. Ya kamata hukumar NESREA ta wayar musu da kai tun kayan ba su iso ba.