Wasan Wuta Da Dare A Idon Kyamara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin da maƙera ke wasa da dare, ko ran naɗin Sarkin Maƙera ko wajen wani babban biki, ya san abin da ido ke gani. Ana kiɗan dundufa, zugazugi na huci, sai a zaro ƙarfe daga cikin garwashi ya yi jawur, maƙeri ya damƙe shi da hannu, ya goga a damtse, wani ma har ya kai shi baki. Jama'a su ɗauki sowa. To, amma sa'ad da hoton wannan wasa ya fito a takarda, sau da yawa abin da a ke gani shi ne wani mutum tsaye da fararen idanu, yana riƙe da guntun baƙin ƙarfe kamar wanda ya tsinta a juji. Wanda bai je ba sai ya taɓe baki, ya ce ashe dama abin duk rufa-ido ne.

Mai kyamara ne ya jawo wa maƙerin wannan raini. Ƙarfe yana fara nuna ja cikin duhu in zafinsa ya kai wajen digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, ya yi ja sosai tsakanin 700 da 800, sa'an nan ya koma ruwan lemo in ya doshi 1,000. Wannan haske mai rauni ne ƙwarai, dare ne kawai ke ba shi kwarjini. Fitilar walƙiya ta kyamara kuwa, wadda masu sana'ar ke ce wa filashi, ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ta haska sai ta shanye jan ƙarfen, ta bar launinsa na rana. Watau fitilar da a ka kunna domin a ga abin mamaki ita ce ta kashe abin mamakin.

Abubuwa uku ke hannun mai ɗaukar hoto a irin wannan wuri. Akwai ƙyauren kyamara, wanda ke buɗewa ya rufe cikin lokacin da a ka ƙayyade masa. Akwai kafar da haske ke bi ya shiga, wadda a ke faɗaɗawa ko a tsuke. Akwai kuma saurin jin haske na fim, ko na abin da ya maye gurbin fim a kyamarorin yanzu, wanda a ke aunawa da lambobin ISO. Ƙyauren ne ya fi su magana a wasan wuta. In an rufe shi da sauri, kamar kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, harshen wuta zai tsaya cak, a ga kowane lanƙwasa nasa kamar an sassaƙa shi. In kuwa an bar shi a buɗe daƙiƙa biyu ko uku, kyamara na bisa sanda mai ƙafa uku, kafar haske a tsuke wajen lamba 8 ko 11, ISO a ƙasa wajen 100 ko 200, to, duk inda wutar ta bi sai ta bar sawu, a sami zobe da igiya da furen haske waɗanda ido bai taɓa gani a wurin ba. Sai dai wannan kyau yana da tsada. Mai wasan da ke juyi cikin waɗannan daƙiƙoƙi yakan narke ya zama hayaƙi, a sami zoben wuta yana shawagi babu mai shi.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa, kuma wani Ba'albaniya ne ya fi kowa bayyana shi ga duniya. Gjon Mili, wanda a ka haifa a shekarar 1904, ya yi karatun injiniyan lantarki a makarantar MIT ta Amurka, ya kuma yi aiki da Harold Edgerton, mutumin da ya gyara fitilar walƙiya mai maimaita haske har ta zama kayan aikin hoto. A shekarar 1949 mujallar Life ta aiki Mili garin Vallauris a kudancin Faransa wurin mai zane Pablo Picasso. Ya nuna masa hotunan masu gudu bisa ƙanƙara waɗanda a ka ɗaura wa 'yan fitilu a takalma, Picasso ya gani ya yi sha'awa, ya ɗauki wata 'yar fitila ya shiga zane cikin iska a ɗaki mai duhu. Mili ya bar ƙyaure a buɗe har zanen ya cika, ya kuma saki walƙiya sau ɗaya domin ta kama mutumin kansa. Hoton da ya fi shahara shi ne na wata halitta rabinta mutum rabinta doki, ga Picasso a durƙushe bayanta, fuskarsa sarai. Abin lura a nan shi ne, Mili ya yi amfani da walƙiya, sai dai ya ba ta aiki guda, watau kama fuska, ya bar wa ƙaramin haske nasa aikin.

Kyamarori da yawa yanzu suna da maɓallin da ke jinkirta walƙiya sai daf da rufewar ƙyaure. Amfaninsa shi ne sawun wuta ya kasance bayan hannun mai wasa, kamar yadda hankali ke tsammani. In walƙiyar ta fita tun farko, hoton kan nuna kamar wutar ce ke gudu gaba, mutumin na biye. Kuma tilas a rage ƙarfinta ƙwarai, a sa mata 'yar leda mai ruwan lemo, gama haskenta irin na rana ne, wajen 5,500 a ma'aunin launin haske, na wuta kuwa bai wuce wajen 2,000 ba. In ba a daidaita su ba, fuskar mai wasa takan fito da shuɗi-shuɗi kamar wanda ya kwana a rijiya. Wayoyin hannu ma sun shigo da nasu salon, tun da Google ta fito da tsarin hoton dare a 2018, Apple ta biyo a 2019. Waɗannan suna ɗaukar hotuna da yawa a jere su haɗa su wuri guda. Ga gini ko masallaci aikinsu ba laifi, amma ga wutar da ke wulwulawa sukan dama ta kamar kunu.

Wurin da ya fi gwada gwanintar mai hoto a wannan yanki na Afirka ta Yamma shi ne ƙasar Dagwamba a arewacin Gana. Can a ke bikin Bugum Chugu, watau bikin wuta da harshensu, a daren tara ga watan Bugum, wanda ya yi daidai da Muharram, watan da Hausawa ke ce wa na cika-ciki. Hausawan zangon Tamale sun san shi sarai, a ƙofar gidajensu ya ke wucewa. Bayan an ci abincin dare sai jama'a su taru ƙofar fada da damman busasshiyar ciyawa, sarki ya fara kunna nasa, sa'an nan kowa ya ɗosana, a ɗunguma da kiɗa da harbin bindigogin gargajiya zuwa bayan gari, inda a ke jefa wutar a kan wata bishiya. Waɗansu sun ce asalin abin ɗan wani sarki ne ya ɓace, a ka fita nemansa da wuta cikin dare, a ka same shi gindin itace. Waɗansu kuwa sun danganta shi da daren da jirgin Annabi Nuhu ya sauka.

A irin wannan tururuwa babu zancen kafa sanda mai ƙafa uku a tsakiyar hanya, sai dai mutum ya nemi tudu ko saman katanga tun da sauran haske. Nan ma lokaci ƙalilan ne, domin a Tamale ko Kano tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Amma dare na tara yana da wata kyauta da baƙi ba su cika lura da ita ba. Wata ya riga ya wuce rabi, yana sama tun magariba, ba ya faɗuwa sai bayan tsakar dare. Wanda ya bar ƙyaure a buɗe zai sami sararin sama da ɗan shuɗi, rufin ɗakuna da bishiyoyi su fito, hayaƙi ya ɗauki launi biyu, na wata daga sama, na wuta daga ƙasa. Hoton da babu wannan sai ya zama ɗigon ja bisa baƙin allo, ba a san ko Yandi ba ne ko wani gari can.

Saura maganar haɗari, wadda ta fi duk waɗannan nauyi. Mai wasa da wuta cikin duhu ƙwayar idonsa a buɗe ta ke. In an watsa masa walƙiya a fuska yakan yi 'yan daƙiƙoƙi ba ya ganin kome, alhali kuwa ga ƙarfe mai zafi ko tsumma mai kananzir na kewaya kansa. Shi ya sa mai hoto na kirki ya ke zuwa ya gai da shugaban 'yan wasa tun kafin a fara, ya nemi izini, a shirya da shi inda zai tsaya da lokacin da zai haska. Mai fesa kananzir da baki kuwa, in ya razana ya shaƙe shi, cutar huhu ce mai tsanani, likitoci sun san ta har sun sa mata sunan masu wannan sana'a. Shi kansa mai kyamara bai tsira ba. Rigar nailan takan narke ta manne da fata, don haka auduga a ke sawa. Ƙarfen da maƙeri ya yar, ko da ya koma baƙi, yana iya kasancewa da zafin digiri 400, kuma mai leƙen kyamara yana ja da baya ba ya duban ƙasa. Bikin Bugum ma, da ya ke watan Musulunci ya ke bi, yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 ya faɗo cikin Yuli, ƙasa da danshi, amma a 2010 da 2011 cikin Disamba ya zo, ga hunturu, ga ciyawa ta bushe ƙayau.

Wani lokaci ma mai hoton ne ke kawo wutar da kansa. An yi yayin cusa soson ƙarfe cikin waya a kunna masa wuta, a wulwula shi da igiya domin tartsatsi ya zana laima a hoto. A watan Afrilu na 2016 waɗansu masu wannan aiki sun shiga wani tsohon ginin katako mai suna Monroe Station a gandun Big Cypress na jihar Fulorida, wanda a ka gina tun 1928 a ka kuma sa shi cikin jerin wuraren tarihi na Amurka. Ɗayansu ya hau rufi yana wulwulawa. Kafin gari ya waye ginin ya zama toka.