Baƙon Da Ya Hau Motar Dare, Wa Ya San Sunansa?



Makon jiya na zauna majalisa a Nima bayan sallar isha'i, wurin wani mai shayi da 'yan Nijar da 'yan Nijeriya ke yawan taruwa. Hira ta yi daɗi, kuma kamar kullum ta gangara kan koke-koke. Wani ya ce mai ɗakinsa ya nemi kuɗin hayar shekara 2 a dunƙule, in ba haka ba ya kwashe kayansa. Wani ya ƙirga mana shingayen binciken da ya wuce daga Paga zuwa Ankara, da abin da ya bari a kowane. Wani dattijo kuma, haifaffen Aboabo a Kumasi, wanda kakansa ya zo tun zamanin fataucin goro, ya ce har yau in ya je neman takarda sai an tambaye shi, wai ainihin garinku ina ne.

Na fi awa guda a wurin. Ba wanda ya ambaci hanya. Alhali mutum uku cikin masu zaman suna da tikitin motar dare a aljihu, washegari za su kama hanyar arewa.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Koke-koken nan gaskiya ne, kuma wannan shafi ya sha magana a kansu. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma kowa ya san yadda ake yi, kuma baƙo shi ya fi kowa jin jiki, don ba ya son zuwa ofishin kula da haya ya kai ƙara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza, amma a bakin shinge sai ka ga kamar ba a taɓa sa mata hannu ba. Ko bayan da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan waɗannan ƙasashe har sai an sake sanarwa. Ga tsadar katin baƙi, wanda da dala ake yanka kuɗinsa. Ga rufe shagunan 'yan kasuwa baƙi da ake yi lokaci zuwa lokaci. Tsofaffinmu kuma ba su manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasa. Wannan tsoro yana nan a jinin Zango, har a gidajen da tun kaka da kakanni 'yan Ghana ne.

To amma mai ɗaki in ya matsa maka, ka sake ɗaki. Ɗan sanda in ya karɓi na goro, gobe ka sami wani kuɗin. Hanya in ta karɓa, ba ta mayarwa.

Alƙaluman da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke fitarwa sun nuna cewa a 'yan shekarun nan sama da mutum 2,000 ke mutuwa a hanyoyin ƙasar nan kowace shekara. Mu kuwa jama'ar fatauci ne. Albasar Galmi, shanu da tumakin layya, tumatirin Burkina, doya, wake, goro, duk a kan taya suke tafiya, kuma mu ne a kansu ko a bayansu. Hanyar Ankara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ce, amma wanda ya san Suhum da Nkawkaw da Konongo ya san yadda tirela da bas da ƙananan motoci ke kokawa a kan titi mai hannu ɗaya. Daga Kumasi ka bi Techiman, Kintampo, Buipe, Tamale, Walewale, Bolga, har Paga. Duk wanda ya saba bin ta cikin dare ya san tirelar da ta lalace a tsakiyar titi ba fitila, sai 'yan ganyaye da aka jera a baya.

Kintampo kaɗai ta ishe mu wa'azi. A watan Fabrairun 2016 bas ta yi karo da motar tumatir a kusa da garin, sama da mutum 50 suka rasu. A watan Maris na 2019 bas biyu suka yi taho-mu-gama cikin dare a wannan yankin, ɗaya ta kama da wuta, aka sake rasa sama da mutum 50. Da yawa sun ƙone har ba a iya gane su ba, aka binne su tare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wannan kalma, "ba a gane su ba". Ita ce masifar da ta fi kusa da baƙo.

Bara, cikin damina, wani dattijo daga fadar Sarkin Zangon unguwarmu ya kira ni da sassafe. Ya ce, "Malam, kai da kake jin Turanci, zo ka raka mu." Wani yaro ne ake nema, ɗan wajen Tawa, mai dakon albasa a kasuwa. Ya hau motar dare zai je gida ganin mahaifiyarsa, bai isa ba, wayarsa kuma ba ta shiga. An ji labarin hatsari a hanyar arewa. Abokan ɗakinsa ba su san lambar motar da ya hau ba. Ba su ma san sunansa na takarda ba, da laƙabi kawai suka san shi. Katinsa na can gida kuwa yana nan a ƙasan akwatinsa, ya bar shi don kada a ƙwace masa a shinge a ce sai ya biya.

Muka je tasha. Littafin fasinja yana nan, amma rabin layukan ba kowa, sauran kuma sunaye ne guda-guda ba lambar waya. Na tambayi mai yankan tikiti, ya ce in ya tsaya rubuta kowa mota ba za ta tashi ba. Muka bi asibiti uku. A na ukun, a ɗakin ajiye gawa, abokinsa ya gane shi da wani tabo da ke ƙafarsa. An rubuta a takardarsa cewa namiji ne, ba a san shi ba. Ran nan kwanansa 9 ke nan. Musulmi, wanda addininmu ya ce a gaggauta suturarsa, ya yi kwana 9 a cikin sanyi, mahaifiyarsa tana can tana dafa abinci tana duban hanya.

Da muka fito dattijon nan ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, da takarda ɗaya ce a aljihunsa, da tun rana ta farko mun yi masa salla." Na ce, "Haka ne, Baba." Ban sami abin ƙarawa ba.

Tun daga ranar nake lura da yadda muke tafiya, kuma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ne muke zaɓen motar dare, don mu isa kasuwa da asuba, mu kuma tsira da kuɗin masauki. Mu ne muke hawa saman buhunan albasa ko bayan motar shanu, don ya fi araha. Direba in ya tafi a hankali, mu ne masu cewa, "Maigida, yau a hanya za mu kwana ne?" In ya taka wuta kamar zai tashi sama, sai kowa ya yi tsit yana salati a zuci. Baƙo ma ya fi kowa yin shiru. Yana ganin in ya ɗaga murya za a ji harshensa, a ce wannan ba ɗan ƙasa ba ne, a sauke shi a shinge na gaba. Na sha ganin mutum yana kallon direba yana gyangyaɗi, bakinsa bai buɗe ba.

In kuma abu ya faru sai mu ce ƙaddara ce. Ƙwarai, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma ba mai wuce kwanansa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Taya mai sanƙo da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, waɗannan aikin ɗan Adam ne, kuma za a tambayi wanda ya gani ya yi shiru.

Direbobin ma da yawansu 'ya'yan Zango ne, ƙannenmu da surukanmu. Na san matsin da suke ciki. Mai mota yana jiran balas, mai ya yi tsada, shinge kuma ya ci awa biyu, sai a biya bashin lokacin da gudu. Dokar hanya ta 2012 ta ce direban haya kada ya wuce awa 4 a jere yana tuƙi ba hutu, kuma kada ya wuce awa 8 a yini. Ku auna da tafiyar Ankara zuwa Bolga da direba ɗaya. Shayi mai kauri da goro ba sa maye gurbin barci, balle ƙwayar da wasu ke haɗiya.

To mene ne abin yi? Ba sai mun jira gwamnati ba a kan wasu abubuwan.

Duk mai tafiya, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ya ɗauki shaida a jikinsa. In yana tsoron fitar da kati na asali, ya yi hotonsa a takarda ya sa a aljihu. Ya rubuta cikakken sunansa, garinsu, da lambar mutum biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida, da boko, in ya so ya ƙara da ajami. Waya tana fashewa, kuma wadda ba ta fashe ba a kulle take. Kafin mota ta tashi, ya ɗauki hoton lambarta ya tura wa wani ta WhatsApp. Wannan ba ya cin ko sidi ɗaya. Ya kuma riƙe lambar gaggawa, 112, a kansa.

In da hali, a yi tafiyar rana, musamman da mata da yara. Sauri ya haifi nawa. Bambancin kuɗin da ke tsakanin bas mai kyau da bayan tirela bai kai kuɗin likkafani ba. Masu ƙetara iyaka ta Burkina kuma su tambayi waɗanda suka dawo jiya, kada su dogara da labarin bara, don tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyoyin suka sauya, kuma wasu sassan sai da rakiyar soja ake bi.

In direba yana ganganci, ku yi magana, kuma ku yi ta tare. Mutum ɗaya za a iya yi masa tsawa, mutum goma ba za a iya ba. Kujerar da ka biya ta ba ka wannan haƙƙi, ko da wane fasfo kake riƙe da shi. Haka ma diyya. Motar haya dole ta kasance da inshora, kuma fasinjan da ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu suna da damar nema. Abin da ake bukata shi ne rahoton 'yan sanda da takardar asibiti. Mutanenmu da yawa suna barin haƙƙin marayu don tsoron shiga ofis, ko don an ce musu neman diyya rashin tawakkali ne. A tambayi malamai, a daina cutar yara.

Ga iyayenmu Sarakunan Zango, Allah ya ja zamaninku, da shugabannin 'yan albasa da 'yan shanu da sauran ƙungiyoyin kasuwa, ina roƙo da ladabi. A da, bafatake in ya sauka Salaga ko Kumasi yana da maigida, wanda ya san sunansa da garinsu da kayansa, kuma shi ke tsaya masa in wani abu ya taso. Wannan tsari shi ya gina Zango. Yau yaro yana shekara 3 a kasuwa ba wanda ya san sunan ubansa. A buɗe littafi a kowace fada da kowace ƙungiya: suna, gari, lambar dangi. A yi shi da amana, a tabbatar wa yaran nan cewa ba don a miƙa su ga jami'an shige da fice ba ne, in ba haka ba ba mai zuwa. A kuma naɗa mutum biyu ko uku da asibitocin kan hanya da 'yan sandan hanya za su riƙa kira duk lokacin da aka kawo wanda ba a san shi ba.

Ga limamanmu, huɗuba ɗaya kafin babbar salla, lokacin da motocin dabbobi ke cika hanya, za ta kai inda wannan shafi ba zai kai ba.

Ga ƙungiyar direbobi ta GPRTU da kamfanonin sufuri, littafin fasinja a cika shi, kuma doguwar tafiya a sa direba biyu. Ga hukuma, a gama raba hanyar Kumasi gida biyu, a riƙa janye motocin da suka lalace kafin dare, shingen da ke da lokacin duba katin baƙo kuma ya sami lokacin duba tayar motar da baƙon ke ciki. Ofisoshin jakadancin Nijar da Nijeriya su ma su ba da lambar da za a kira a ɗauka ko da tsakar dare.

Za mu ci gaba da kuka kan kuɗin haya da shinge da takarda, kuma ni zan ci gaba da rubuta shi a nan. Amma daren yau in kun zauna wurin mai shayi, ku tambayi na kusa da ku sunansa na gaskiya da lambar wani nasa, ku ajiye.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.