Sarauta Amana Ce, Ko A Ƙasar Sin

Wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gidan sarautar Zhou ya kayar da na Shang a ƙasar Sin. Hujjarsu ita ce sarkin Shang na ƙarshe ya zalunci talakawa, don haka sama ta karɓe ikon da ta ba shi. Mutanen nan ba Musulmi ba ne, amma sun gane cewa mulki aro ne, zalunci kuma yana kawar da shi.

Daga baya malaminsu Konfushiyas, wanda ya rasu a 479 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar cewa halin sarki ya fi bulalarsa gyara jama'a. Mensiyas, mabiyin koyarwarsa, ya fifita talakawa a kan sarki kansa.

To, mu da muke da Alƙur'ani da Sunna, ina uzurinmu? Kai monita, kai babban yaya, ke uwar gida, kowa da tasa sarautar. In ka ce a yi gaskiya alhali kana ƙarya, ƙaryar za a koya. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.